Igiyar Malama Elube

Kafin zakara ya yi cara ta biyu, Malama Elube Kalimbuka ta riga ta share tsakar gidanta, ta ɗora ruwan shayi, ta tura dankali biyu cikin toka. Ƙarfe shida da rabi za ka gan ta a kan hanyar makarantar firamare ta Nsanjama, zani ɗaure a kan siket, kwando a ka. Baƙo zai ɗauka kasuwa za ta. Cikin kwandon kuwa babu abin sayarwa: murafan kwalba ne, da tsinken gora, da wani tsohon kofin roba, da guntayen alli da take ɓoyewa a akwatin ashana saboda malaman aji uku masu dogon hannu. Shekara talatin da shida ke nan tana wannan tafiya, tana koyar da lissafi a aji bakwai. A ƙarshen watan nan ta ajiye alli.

Babu gidan da ke Nsanjama da bai taɓa rikicewa a dalilinta ba. Ita ba ta yarda da tambayoyin littafi, masu zancen jirgin ƙasa da yara ba su taɓa gani ba. Da sunayen mutanen gari take ƙirƙirar nata. Ku tambayi Bambo Yohane, wato Baba Yohane, mai gyaran keke. Wata Talata ta ba yara aikin gida: Bambo Yohane yana da awaki goma sha biyu, kura ta cinye kashi ɗaya cikin uku, nawa suka rage? Washegari tun da hantsi mutane suka fara sallama a ƙofarsa, ana yi masa jaje. Ya ruga turke ya ƙirga, ya tarar da awakinsa biyar cif, kamar yadda ya bar su. Sai matarsa ta tsaya masa a baya, hannu a ƙugu.

"Goma sha biyu aka ce. Sauran bakwai ɗin a gidan wa ka ɓoye su?"

Sai da Malama ta zo da kanta aka raba rigimar. Amma har yau duk wanda ya zauna a ajin nan, ko daga barci ka tashe shi, ya san kashi ɗaya cikin uku na sha biyu.

Kofin roban nan kuma shi ne abin da take kira mai ɓuya. Za ta kife shi a kan murafan kwalba, ta ajiye wasu uku a gefe, ta ce duka tara ne, nawa ne a ƙarƙashin kofi? Sai yaro ya iya kamo mai ɓuya sau goma sannan take nuna masa harafin da littafi ke rubutawa a madadinsa. Ke ce kika raba 'ya'yanmu da tsoron wannan harafi, Malama. Da yawa daga cikinmu mun shiga ajinki muna jin lissafi wata cuta ce da ake kamuwa da ita a makaranta, muka fito muna iya yanka katako ba tare da ɓarna ba.

Amma abin da ya sa aka ɗauki alƙalami yau, a watan Oktoban bara ya faru, ana saura 'yan kwanaki ruwan shuka ya sauka.

Ranar Alhamis ce, an tashi daga makaranta, Malama na tattara murafanta, sai ga Mayi Nangozo, wato Inna Nangozo, a bakin ƙofa. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, jikoki huɗu take riƙo, kuma gona ɗaya ce tak ke ciyar da su. Ta durƙusa ta tafa hannu ta gaishe ta, sannan ta zauna a bencin yara.

"Malama, kaina ne ya kulle. Ido na gaya mini abu ɗaya, ƙafa na gaya mini wani."

Ga yadda abin yake. Bambo Lufeyo ya dawo daga ci-rani a birnin Joni, can ƙasar waje, bayan shekara ashirin, da niyyar noman dankalin turawa. Gonar Nangozo na maƙale da tasa, yana so ya haɗe su. Sai ya ce su yi musaya: ya ba ta wani filinsa da ke bakin rafi, kusa da gidanta, wanda ya gada daga kawunsa kuma ba a taɓa sa masa fartanya ba. A Nsanjama kuwa tun kaka da kakanni hanya ɗaya ake gwada gona: dagaci ya zagaye iyaka da ƙafarsa, jama'a na biye suna ƙirga taku. Ranar Litinin Dagaci Zakeyu ya zagaye ta Nangozo, taku ɗari da sittin. Ya zagaye ta Lufeyo, ɗari da tamanin. Har an yi wa Lufeyo guɗa, wai ya yi wa tsohuwa gyaran taku ashirin. Ranar Asabar za a miƙa wa dagaci kaza, a dasa rassan bini-da-zugu a sabuwar iyaka. In aka dasa, magana ta mutu, ko jikan jika ba ya tayar da ita.

"To mene ne damuwarki, Mayi?"

"In na tsaya a tawa, sai in ji ina cikin gona. In na tsaya a tasa, sai in ji ina kan hanya. Na faɗa wa ƙanena, ya ce tsufa ne. Ko tsufan ne, Malama? Ni dai in masara ta ƙare mana a watan Janairu, ban san abin da zan gaya wa yaran nan ba."

Da sassafen Juma'a, kafin a kaɗa ƙararrawa, Malama ta je ta taka gonakin biyu, amma ba zagaye ta yi ba. Ta Nangozo, tsawo taku arba'in, faɗi arba'in. Ta Lufeyo, tsawo tamanin, faɗi goma. Ta tsaya a bakin rafi ta ninka tsawo da faɗi. Dubu ɗaya da ɗari shida a can, ɗari takwas a nan. Rabi. Rabin abincin yara huɗu ne za a binne a ƙarƙashin bini-da-zugu, ana guɗa.

Abin bai dame ta sosai ba da farko, don ta ɗauka aikin minti biyar ne. Dagaci Zakeyu ɗalibinta ne. Lufeyo ma ɗalibinta ne, aji ɗaya suka zauna shekara talatin da suka wuce. Da aka tashi ta same su a ƙarƙashin mangwaron ƙofar dagaci, ta gaisa, ta fito da takarda ta zana musu gonakin, ta rubuta lambobin.

Dagaci ya karɓi takardar da hannu biyu, ya dube ta, ya juya ta, ya sake dubawa.

"Malama, rubutunki bai canza ba, wallahi. Arba'in sau arba'in, haka ne. Na tuna."

"To ka gani ke nan."

"Na gani. Amma ai wannan lissafin jarrabawa ne. Wancan kuma ƙasa ce."

"Wace irin magana ce wannan, Zakeyu?"

"Da ƙafata na zagaye, Malama. A ta Lufeyo har sai da na tsaya na huta. Yaya za a ce gonar da ta gajiyar da ni ita ce ƙarama?"

Lufeyo ya miƙe, ransa a ɓace. "Wato ni macuci ne ke nan? Ni da na ƙara mata taku ashirin don Allah? Malama, kin manta ni ne na zo na ɗaya a ajinki? Tsawo sau faɗi, har yanzu yana kaina. Amma ɗari da tamanin ya fi ɗari da sittin, wannan ma ke kika koya mana. To wanne za mu ɗauka, na safe ko na rana?"

Ta sake bayani. Ta sake. Tana yi suna gyaɗa kai cikin ladabi irin na yaran da ke jiran a kaɗa ƙararrawa. Daga ƙarshe dagaci ya ce kawunsa da ya riƙe sarautar kafin shi haka ya gwada gona, kawun kawunsa ma haka, kuma ba a taɓa jin ƙasa ta yi ƙara ba. Ya sa aka kawo mata gyaɗa a leda, aka raka ta bakin hanya.

Waɗanda suka gan ta a yammacin nan sun ce ta wuce ƙofar gidanta ba ta sani ba, sai da maƙwabciya ta kira ta. Abin da ke cin ta ba taurin kansu ba ne. Da sun manta darasin, da da sauƙi. Ba su manta ba. Yana nan a kansu, a ajiye, tsaf, kamar kwanon da ake sakawa a kabad ba a cin abinci a ciki. To me ta yi shekara talatin da shida tana yi? Yara sama da dubu biyu suka bi ta hannunta, kuma ranar Litinin rabinsu suna bayan dagaci suna taya shi ƙirga taku. Ita ce ba ta iya koyarwa ba? Ko kuwa akwai abin da ƙafa ta sani wanda alli bai sani ba? Har ta ɗauko takardar ta sake ninkawa, ita da ke ninka lambobi tun kafin a haifi wasu malaman makarantar. Ɗari takwas dai.

Asabar ta waye ba ta da dabara. Ta yi wanki don hannunta ya sami abin yi. Tana cikin shanya sai ta ji ganga daga wajen rafi, alamar an fara taruwa. Ta dubi kwandonta, murafan kwalba ba za su yi wa dattawa komai ba. Ta dubi takarda, jiya ta ga ƙarshenta. Sai idonta ya sauka a kan igiyar shanya.

Maƙwabciyar ta rantse cewa Malama ba ta ko kwashe kayan ba. Kwance igiyar ta yi, zannuwa suka zube a ƙasa, ta naɗe ta a hannu ta fita da sauri.

Ta iso an riga an ɗaure ƙafar kaza. Rassan bini-da-zugu na jingine a gindin ayaba. Nangozo na zaune a gefe, ta zuba tagumi. Malama ta durƙusa a gaban dagaci ta tafa hannu.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon abu ɗaya kafin a karɓi kaza. Ba takarda."

"Malama, mun gama wannan maganar jiya."

"Wasa ne kawai zan yi da matan coci. In an gama, a dasa."

Wa zai hana malamarsa wasa a gaban jama'a? Ya ɗaga hannu. Ta sa dagacin da kansa ya taka igiyar, ta yanke ta a taku goma sha shida, ta ƙulle bakin biyu. Ta kira maza huɗu suka riƙe kusurwa huɗu, taku huɗu kowane gefe.

"Wannan ita ce gonar Mayi Nangozo, an rage ta. Kowane taku ɗaya nan, goma ne a can. Mata, ku shigo ku zauna, ku harɗe ƙafa. Kowacce buhun masara ce."

"Ni dai buhu biyu ce," in ji wata mai jiki, shugabar mawaƙan coci. Aka fashe da dariya.

"Malama, rawa za a yi ko addu'a?"

"In rabon taki ne a rubuta sunana!"

Suka shiga suna tambayar juna abin da ake yi, babu mai amsa. Layi huɗu, kowane layi mata huɗu. Malama ta ce dagaci ya ƙirga. Goma sha shida.

"Yanzu ku tashi. Lufeyo, taku nawa ka yi mata gyara?"

"Ashirin."

"Wato biyu a nan. Ba ni ɗamararka."

Ya kwance bel ɗinsa yana riƙe da wando, ta haɗa da ɗankwalin wata, ta ƙara a jikin igiyar har ta kai taku goma sha takwas. Sannan ta sa mazan nan huɗu suka ja baya, biyu gabas biyu yamma, sai da igiyar ta miƙe ta zama siririya: takwas a tsawo, ɗaya a faɗi.

"Ga gonar Lufeyo, har da gyara. Buhuna, ku koma ciki."

Nan fa aka yi ta. Ta farko ta zauna, ta biyu ta zauna a bayanta, haka har takwas. Ta tara ta ɗaga ƙafa ta rasa inda za ta sa.

"Matsa mana!"

"In matsa ina? Kan Nasiweli zan hau?"

"Kai Yohane, sakar mana igiya, kai ne ka ja ta da yawa!"

"Ni ban ja komai ba, yadda aka ba ni na riƙe!"

Mai buhu biyu ta yi ƙoƙarin cusa kanta, ta ture na gaba, aka zube gaba ɗaya. Da aka sake zama, takwas ne a ciki, takwas na tsaye a waje suna kakkaɓe zani.

Dagaci ya taso. Ya zagaye igiyar yana ƙirgawa a hankali, goma sha takwas. Ya ƙirga matan, takwas. Ya ce a mayar da ita yadda take da farko, a cire bel. Aka mayar, sha shida suka shige. Ya ce a mayar da bel a sake miƙewa. Takwas. Sau uku ana yi, gumi na bin wuyansa.

"An yanke igiyar nan," in ji wani daga baya.

"Ƙara ta aka yi, sakarai, ba ga Lufeyo na riƙe da wando ba?"

"To ina wurin ya tafi?" Dagaci ne ya yi tambayar, da wata ƙaramar murya da ba a taɓa jin sa da ita ba. "Malama, igiya ta ƙaru, wuri ya ragu. Ina ya tafi?"

Kafin ta amsa, Nangozo ta dafa sanda ta miƙe. Ta zo ta tsaya a gaban mata takwas ɗin da ke waje, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗannan su ne Janairu da Fabrairu da Maris," ta ce. "Ai na gaya muku ina jin kamar a kan hanya nake."

Lufeyo ya zauna a ƙasa, bel a hannu. "Na rantse da kabarin uwata ban sani ba. Mayi, da na cuce ki ina jiran ki gode mini."

"Na san ba ka sani ba," in ji Malama. "Zakeyu, ara mini hularka."

Ya cire ya ba ta, a gaban jama'arsa. Ta kife ta a ƙasa.

"Ga mai ɓuya. Tsawo takwas ne. Muna so mata sha shida su zauna. Faɗi nawa ne a ƙarƙashin hula?"

Dagacin Nsanjama, mai 'ya'ya shida da furfura a gemu, ya tsaya yana motsa leɓe, yana lanƙwasa yatsu a bayan riga kamar yadda yake yi a aji bakwai.

"Biyu," ya ce. "Wato ashirin a gona. Sai Lufeyo ya ninka faɗin." Ya ɗago kai. "Daidai ne, Malama?"

"Shekara talatin nake jiran wannan amsar."

Lufeyo ya ce zai ƙara taku goman, ko da zai ci cikin ayabarsa. Nangozo ta girgiza kai. Ta ce gwiwarta ta yi shekaru tana kai ta tsohuwar gonar, za ta ƙara wasu. Ta kwance ƙafar kazarta ta maƙale ta a hamata ta yi gida. A watan Mayu rumbunta ya cika har sai da aka ƙara masa baki, kuma babu ranar da aka kwana ba a tuƙa nsima, tuwon masara, a gidan ba.

Malama, ke ce kika yarda ki rikice a gabanmu, kika koma gida kika tuhumi kanki maimakon ki kira mu jakai. Ke ce kika bar wankinki a ƙasa saboda abincin yaran da ba naki ba. Uwar aji bakwai, mai kamo mai ɓuya. An ce tun daga ranar ba ki sake koyar da tsawo sau faɗi a cikin aji ba, sai a fili, da igiya, yara na ture juna. Kika ce da kin san haka tun farko, da kin huta da sayen alli. Mun gode. Nangozo ta gode, jikokinta sun gode, har Bambo Yohane ya ce a rubuta ya yafe maganar awaki. Ku kuma matasan malamai da za ku gaji ajin nan, ga kwandon ta bar muku. Kada ku tsaya a kan yaro ya ci jarrabawa. Ku bi shi har gona ku ga ko darasin ya biyo shi.

Sai dai hutun da Malama ke ta lissafi, da alama ba za ta same shi ba. A walimar sallamarta, an ci an sha, an ba ta bargo da akuya, sai Dagaci Zakeyu ya matso kusa da ita yana murza hularsa. Ya ce akwai maganar da ya yi wata tara yana haɗiyewa. Tun da ya hau sarauta, musayar gona goma sha ɗaya ya yanke da ƙafarsa. Bini-da-zugun da aka dasa ba ya tuguwa, amma ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, sun yarda duk wanda ya ci da yawa zai yanka wa ɗan'uwansa wani wuri. Matsalar ita ce babu wanda ya san wa ya ci, wa aka ci. Kowa na cewa shi ne aka cuta, har da mutum biyu da ke rantsuwa su ne suka yi cutar.

Malama ta dube shi, ta dubi bargon, ta dubi akuyar.

"Litinin ƙarfe nawa?"

"Bakwai, Malama."

"Ku zo da igiyarku. Tawa na yanke ta, har yau ban sami ta shanya ba."